Sansanin Wikki na Yankari: ya dace a kai 'yan aji biyar su kwana biyu?

Duk makarantar sakandaren Arewa da ta yi niyyar fitar da ɗalibanta yawon buɗe ido na kwanaki, sunan da ke fara faɗowa a taron malamai shi ne Yankari. Hukuncinmu tun daga farko shi ne wurin ya cancanci kuɗin da wahalar, amma da sharaɗi. Yankari masaukin baƙi ne, an tsara shi don manya masu kula da kansu. Za a ba ku ɗaki, a ba ku jagora, a nuna muku hanyar ruwa. Ƙirga yara, tsare su a bakin ruwa, raba maza da mata, da sanin wanda ya ci da wanda bai ci ba, duk wannan makaranta ce za ta zo da shi daga gida. Makarantar da ta gane haka za ta dawo da ɗalibai masu labarin da za su shekara suna bayarwa. Wadda ta ɗauka ta biya kuɗi shi ke nan ta sauke nauyi, ita ce ke dawowa da ƙorafi.

Gandun yana ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a watan Disamba na 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Wurin kwana shi ne sansanin Wikki, a can tsakiyar daji, kuma wannan kalma ta "tsakiya" ita ce abu na farko da masu shirya tafiya ke raina wa.

Daga garin Bauchi ana bin titin Gombe zuwa Dindima, a karya dama a nufi ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take, tafiyar kilomita 29 daga Dindima. Yara na ganin ƙofa za su fara tafi da ihu, sun ɗauka an iso. Saura kilomita 40 da 'yan kai kafin Wikki, cikin daji, inda ba a gudu saboda dabbobi na tsallaka titi. Jimilla daga Bauchi kilomita 110 ne da 'yan kai. A ƙofar kuma akwai biyan kuɗi da rajista, kuma mutum saba'in ba sa wucewa cikin minti biyar. Abin da ke rage wannan tsayuwa shi ne a zo da jerin sunayen kowa a buge, kwafi uku, da wasiƙar makaranta mai hatimi, malami ɗaya ya sauka ya gama komai yara na zaune a mota. Makarantar da ta taso daga Kano, ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, tana da kilomita kusan 300 kafin Bauchi. Idan ba a tashi da ƙarfe 6:30 na safe ba, lissafin ya rushe, don ana so a yi azahar a Bauchi, a cika tanki, a bar garin kafin ƙarfe 2, a shiga sansani da sauran rana. Ana rufe ƙofa da yamma, don haka a tambayi lokacin tun ranar da aka kama ɗakuna. Masu zuwa daga Jos ko Gombe tasu tafiyar ta fi sauƙi, rabin yini ya ishe su.

Maganar mai: a cika kowace mota a Bauchi, a kuma ɗauki jarka. Zuwa da dawowa kaɗai kilomita 220 ne, ban da zagayen da za a yi a ciki idan da motocin makaranta za a shiga daji.

Mu ɗauki misalin da ya fi yawa: ɗalibai 60, malamai 6, nas 1, masu girki 2, direbobi 4, mutum 73 ke nan. Kosta biyu ba za su ɗauke su ba idan kowa zai samu kujera, sai an ƙara ƙaramar bas, sannan a-kori-kura ɗaya ta kaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a soke motar kayan don a rage kuɗi, a cusa buhun shinkafa da ruwan leda da jakunkuna a tsakanin kujeru. Motar ta yi nauyi, taya ta yi zafi a kan kwalta, ta fashe a inda ba mai faci. Kwana biyu kafin tafiya malami ɗaya ya je da kansa ya ga tayoyi da birki da safaya da jak, kada a tsaya ga "komai lafiya, ranka ya daɗe" na mai mota. Kuma kada a wuce ɗalibai 60 a zubi ɗaya. Ajin da ya kai 150 a raba shi gida uku, mako daban-daban, domin motar zagaye da bakin ruwa ba sa ɗaukar taro.

Me ya sa aji biyar? 'Yan aji shida jarabawar JAMB da WAEC da NECO na gabansu tun daga Afrilu, ba mai hankalin kallon giwa. 'Yan aji huɗu kuwa ba su yi nisa a darussan muhalli da za su sa tafiyar ta zama karatu ba.

Zaɓen wata yana da ɗan rikici, saboda abin da ya fi wa dabbobi ba shi ya fi wa yara ba. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa ƙarshen Afrilu ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dole dabbobi su gangaro kogin Gaji su sha, shi ya sa ake ganinsu da yawa. Amma wannan shi ne tsakiyar bazara, kuma zafin Afrilu a wannan yanki yana kayar da babba, balle yarinya mai shekara 16 da ta ƙi karyawa. Disamba da Janairu akwai sanyi mai daɗi, sai dai ruwa bai gama ƙafewa a daji ba, dabbobi sun warwatsu, ga cunkoson Kirsimeti da sabuwar shekara. Da damina, daga Mayu zuwa Satumba, ciyawa ta fi mota tsawo kuma hanyoyin cikin daji sun yi laka. Mu dai Fabrairu muka zaɓa, tsakiyar mako, Talata zuwa Alhamis, lokacin da baƙi suka yi ƙaranci. A duba kalanda kada ya faɗa cikin azumi ko makon salla.

Ɗakunan Wikki aji-aji ne, daga na manyan baƙi har masaukin ɗalibai mai gadaje da yawa, akwai kuma wurin cin abinci da zauren taro da ƙaramin gidan tarihi. Ga makaranta, kyan ɗaki ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne a samu rukunin mata daban, rukunin maza daban, ɗakin malama a bakin na mata, ɗakin malami a bakin na maza, ta yadda ba mai fita da dare ba a ji shi ba. Wannan ba ya samuwa ta waya. Sai malamai biyu, mace da namiji, sun je mako biyu kafin tafiyar, sun ga ɗakunan da idonsu, sun ƙirga katifu, sun murɗa famfo, sun gwada sakata da ragar taga, sun tambayi awannin da ake ba da wuta, sun kuma karɓo farashi a rubuce: kuɗin shiga na kowane ɗalibi, na malami, na mota, na kyamara, na ɗaki, na zagaye, na jagora, na shiga ruwa. Farashi yana sauyawa, kuma takardar bara ba ta aiki bana. Wannan tafiya ta share fage ita ce kuɗin da ƙungiyar iyaye da malamai ke yawan cewa ɓarna ne, alhali ita ce ke hana a isa da magariba a tarar ɗakin mutum takwas an rubuta masa goma sha biyar.

Kowane ɗalibi ya zo da zanin gado, tocila, bokiti ɗaya na mutum huɗu, buta, kambas mai rufe ƙafa, hula, da rigar sanyi idan Fabrairu ne, don asubar daji da sanyi. Gidan sauro wajibi ne. Kaya su kasance masu launin ƙasa ko toka, masu dogon hannu, saboda a gefen kogi akwai ƙudan tsando, kuma baƙi da shuɗi su ne launukan da ke janyo shi. Makarantar da yunifom ɗinta shuɗi ne ta bar yara su sa kayan gida ranar zagaye.

Masu gidan na gaskiya a Wikki gwaggon biri ne. Suna yawo a tsakar sansani garke-garke, uwa da ɗa maƙale a cikinta, babban namiji zaune a kan dakali yana kallon kowace mota da ta tsaya. Sun san leda, sun san kula, sun san ƙarar buɗe biskit, kuma ƙofar da aka tura ba a sa sakata ba a wurinsu a buɗe take. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne kullum: yarinya ta fito da baƙar leda a hannu, biri ya taho a guje, ta riƙe ledar tana ihu, ya ja ta ja. A nan ake samun yaƙushi ko cizo. Dokar da za a faɗa wa yara tun a mota, a kuma maimaita a bakin ɗaki, gajera ce. Kada a fito da abinci a hannu. Kada a ba su komai, ko don hoto. Idan ya kama abu, a sakar masa. Kada a ƙura wa babban namiji ido, kada a jefe shi, kada a ruga. Taga da ƙofa a rufe ko da minti ɗaya za a yi a waje. Lokacin sauke kaya shi ne mafi haɗari, don haka malamai biyu su tsaya da sanduna a gefen a-kori-kura har a gama shigar da abinci ɗaki ɗaya mai makulli. Idan aka yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar don allurar ciwon haukan kare da ta tetanus, komai ƙanƙantar raunin.

Mugun dawa ma yana kiwo a tsakanin ɗakuna, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana tonon saiwa, wutsiya tsaye kamar eriya idan ya zabura. Ba ruwansa da kowa, sai dai mai 'ya'ya ba a matsa mata.

Zagayen daji shi ne abin da aka biya kuɗi dominsa, kuma a nan ake yawan jin "Malam, ina zakin?" Gara a faɗa musu gaskiya tun a makaranta. Akwai zaki a Yankari, amma kaɗan ne, kuma ba kasafai ake ganinsa ba. Giwaye na nan, garkensu na daga cikin mafiya girma da suka rage a Najeriya, amma daji ne mai faɗin gaske, suna iya yin mako a wani ɓangare da mota ba ta zuwa. Raƙumin dawa da jakin dawa kuwa babu su a nan, wanda ke son ganinsu sai gandun Sumu da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa, kan hanyar Kano zuwa Bauchi, inda aka zuba waɗanda aka kawo daga Namibiya. Abin da ake sa ran gani a Yankari shi ne gwambaza, mazo, ɓauna, gwanki, kanki, jan biri, kada, wani lokaci dorina, da tsuntsaye da aka ƙirga iri sama da 350.

Ana fita sau biyu, da sassafe da kuma bayan la'asar, domin da rana tsaka dabbobi suna kwance a inuwa. A kama duka biyun. Rukunin da ya fita da safe ranar Laraba ya sake fita da yamma ko safiyar Alhamis, saboda sau da yawa abin da aka rasa a fita ta farko a ta biyu ake samunsa. Jami'in gandun daji yana shiga kowace mota, kuma ingancin zagayen rabi a hannunsa yake, rabi a hannun malami. Waɗannan mutane sun san daji kamar tafin hannunsu, amma idan ba a tambaye su ba, nuni kawai za su yi su ce "ga gwambaza can." Malamin da ya zauna kusa da shi yana jefa masa tambaya da Hausa, yana maimaita amsar da ƙarfi, shi ke mayar da motar aji. Abin da ke kashe zagaye kuwa surutu ne. Mota mai yara talatin suna waƙa ana jin ta daga nesa, kafin ta iso komai ya shige kurmi. A karɓe lasifikar waya, a kuma yi yarjejeniya cewa wanda ya hango abu ya ɗaga hannu ya nuna.

Ko ba a ga giwa ba, ta bar darasi a hanya: kashinta mai cike da ɓawon itace da ƙwallayen 'ya'yan itatuwa, rassan da ta karya, da sawunta a yashi. Inda jagora ya yarda a sauka, a sa ɗalibi ya zagaye sawun ƙafar gaba da zare, a auna, a ninka biyu. Abin da ya fito shi ne kusan tsawon giwar daga ƙasa zuwa kafaɗa. Malamin lissafi da na nazarin halittu duk sun samu abin yi da zare ɗaya. Haka itatuwa: marke da kawo da tsamiya da kuka a kan tudu, sannan duhuwar bakin Gaji inda komai kore ne a tsakiyar rani. Yaron da ya ga wannan bambanci cikin tafiyar minti biyar ba zai sake haddace ma'anar muhalli ba tare da ganewa ba. Kowane ɗalibi ya riƙe takarda mai layi huɗu: me na gani, a ina, ƙarfe nawa, yana me. Da dare a haɗa a allo ɗaya.

Sai ruwan Wikki, wanda shi ne mafi daɗin abin da ke wurin, kuma shi ne inda ya kamata gaban malami ya fi faɗuwa. Ana gangara matakala daga sansani, sai ga ruwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutsen yashi, garau, ana ganin farin yashin ƙasansa. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, yana fitar da lita miliyan 21 a kullum zuwa kogin Gaji. Tsawon wurin wankan kusan mita 200 ne, faɗi mita 13, zurfinsa kuma ya kai mita 1.9 ta wajen idon ruwan, yana raguwa idan aka gangara ƙasa. Mita 1.9 ta shanye kusan kowane ɗalibi da kowane malami. Kuma tsabtar ruwan ita ce tarkon: haske yana karyewa idan ya fito daga ruwa, sai ƙasa ta yi kamar ta matso sama, zurfin ya zama kamar kashi uku cikin huɗu na gaskiyarsa. Wurin da ya kusa mita biyu sai ido ya ce bai kai ɗaya da rabi ba. Yaron da ya saba da kogin garinsu mai laka, inda yake tsoron abin da ba ya gani, a nan yana ganin ƙasa sai ya yi tsalle.

Kada a yarda da "na iya ruwa." Yawancin masu faɗin haka a gaban abokai ba su taɓa shiga inda ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa ba. Tsarin da ke aiki shi ne malami mai iya ruwa ya fara shiga, ya taka ya gano inda ruwa ya kai ƙirjin mafi gajarta a cikin yaran, a ja igiya daga gaɓa zuwa gaɓa a nan, kuma ba mai tsallake ta. Yara 15 kawai a ruwa a lokaci guda, na minti 30, biyu-biyu, kowa da abokin da zai riƙe wa ido. Malamai biyu a kan gaɓa, a tsaye, ba waya a hannu, ɗaya da usur, ɗaya da doguwar gora da jarka marar komai mai murfi ɗaure da igiya don jefawa. Duk minti goma a busa usur, kowa ya kama hannun abokinsa ya ɗaga, a ƙirga. Mai nutsewa ba ya ihu yadda ake zato, shiru yake yi, kai a ɗage, baki na shiga ruwa yana fita, shi ya sa ƙirga ta fi sauraro. A hana turereniya da tsalle daga gaɓa. A hana wankan dare ko da akwai fitila, kuma bayan isha'i malami ya zauna a kan matakalar, domin 'yan mazan da suka ɗanɗana ruwan da rana za su gwada saɗaɗawa.

Lokacin mata daban, da malamai mata a gaɓa. Ruwan na kowa ne, akwai wasu baƙi, don haka a roƙi hukumar wurin ta keɓe sa'a guda, wanda ya fi sauƙi a tsakiyar mako da hantsi. Dogon hijabi ko zani a cikin ruwa haɗari ne, yana nannaɗe ƙafa, yana rufe fuska idan ya jiƙe. Riga mai dogon hannu da wando da ƙaramin ɗankwali da aka ɗaure tam sun suturta kuma ba sa kama mutum. Idan makaranta ba ta da malama mai iya ruwa, a matso da igiyar zuwa inda ruwa ya tsaya a ƙugu. Sabulu da omo ba sa shiga, ruwan nan dabbobi ke sha a gaba. Kayan da aka tuɓe kuma a bar mutum a kansu, birai na sauka har nan.

Abinci hanya biyu ce. Ko a yi odar wurin cin abincin sansanin tun mako guda kafin zuwa, da adadin mutane da jerin abin da za a ci a rubuce, ko a zo da masu girki bayan an samu izinin hura wuta da wurin da za a yi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne mutum 73 su faɗo kicin ba sanarwa su ce a zuba musu, a wurin da kasuwa mafi kusa ke bayan ƙofa. Ga masu girkin kansu, matashi yana cin kusan giram 150 na ɗanyar shinkafa a zama ɗaya, wato kilo 11 ga tawagar duka. Zama uku na shinkafa kilo 33, buhu mai kilo 50 ya isa har da ragi. Sauran a cike da taliya da wake, safe kuma shayi da burodi ko koko. Garin kwaki da suga da ƙuli-ƙuli su zauna a ajiye don ranar da tukunya ta makara. Abincin hanya na ranar farko shi ke yawan ɓata ciki: an dafa shi da asuba, an zuba miya a kai, an rufe a kula, ba a buɗe ba sai ƙarfe 3. A raba miya da shinkafa, a ci a Bauchi da azahar, abin da ya rage a zubar.

Ruwan sha ne lissafin da ke ba mutane mamaki. Lita 3 ga kowane mutum a yini da sanyi, lita 4 da zafi. Jakar ruwan leda ɗaya lita 10 ce. Mutum 73 na kwana uku suna buƙatar jaka 66 zuwa 88, nauyin kilo 660 zuwa 880. Wannan kaɗai ya kusa cika a-kori-kura, don haka a saya a Bauchi maimakon a jawo shi daga gida. Kowane ɗaki da buhun zuba ledar da aka sha, a fito da ita daga gandun, don dabbar da ta haɗiye leda ba ta narkar da ita.

Akwatin nas ya ƙunshi farasitamol, maganin zazzaɓin cizon sauro da abin gwajinsa, gishirin rayuwa na ORS, bandeji, aidin, maganin ƙaiƙayi, da audugar mata fiye da yadda ake zato. In ORS ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Takardar amincewar iyaye ta tambayi asma da sikila da farfaɗiya ƙarara, kuma maganin kowane irin yaron ya kasance a hannun nas. Mai sikila kada ya daɗe a ruwa ya fito iska ta buge shi, kada kuma ya yi ƙishi. Da dare ba mai fita ba takalmi da tocila, saboda kunama da kububuwa. Saran maciji ba a tsaga shi, ba a tsotsa, ba a ɗaure tam, a kwantar da yaron, a hana gaɓar motsi, a sa shi a mota. Babban asibiti shi ne na koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, kusan awa biyu daga Wikki, akwai kuma asibitin masu saran maciji a Kaltungo ta jihar Gombe. Wannan nisa shi ne babban raunin Yankari ga makaranta, kuma maganinsa ɗaya ne: ƙaramar bas ta kwana da cikakken tanki, direbanta a ɗakin da aka sani, makulli a hannunsa. Sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa a hanyar daji, don haka malamai su riƙe layukan kamfanoni daban-daban, a kuma gaya wa iyaye cewa saƙo ɗaya za su samu kullum da yamma daga lamba ɗaya, kada uwa ta kira sau goma ba ta shiga ba hankalinta ya tashi.

Ɓangaren tarihi ana yawan tsallake shi, kuma asara ce. Kogunan Marshall, wato ramukan kogo, guda 59 ne da aka sassaƙa a jikin dutsen yashi, suna ɗauke da sunan P.J. Marshall da ya bayyana su a 1980, ana kuma ɗaukarsu mafakar mutanen da a zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi. Rijiyoyin Dukkey sun haura 130, haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa. Akwai kuma tsofaffin matoyar tama a Shau Shau. A kwana biyu ɗaya za a iya zuwa cikin natsuwa, kuma kogunan sun fi jan hankalin yara. Gidan tarihin sansanin, mai fatu da haure da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta, awa ɗaya ya isa, kuma ya fi dacewa da tsakar ranar Laraba lokacin da zafi ya hana komai.

Tsaro ba a yi masa kara. An sha jin rahoton 'yan bindiga a wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Alkaleri a 'yan shekarun nan. Kafin a karɓi kuɗin iyaye a samu izinin ma'aikatar ilimi a rubuce, a kuma tuntuɓi hukumar gandun da rundunar 'yan sandan jihar Bauchi, a sake tuntuɓarsu ana gobe tafiya. Idan amsar ta zo da inda-inda, a ɗage. A rubuta wa iyaye tun farko yadda za a mayar da kuɗi in hakan ta faru, don kada tsoron rigimar kuɗi ya sa a tafi a kan dole.

Kwana ɗaya bai isa ba, tafiyar ta cinye shi. Kwana uku kuma yara sun gaji, ruwan sha ya ƙare, an fara faɗa a ɗaki. Biyu ne daidai. A ɗaure kaya tun daren Laraba, ranar Alhamis rukunin ƙarshe ya yi zagayen asuba, a karya, a duba ƙarƙashin kowane gado, a ƙirga yara da suna a cikin mota ba da kai ba, a bar Wikki kafin ƙarfe 10. Wannan zai ba da minti 40 a kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa a cikin garin Bauchi, firaministan da aka kashe a Janairun 1966, sannan a yi azahar. 'Yan Kano su kama hanyar Ningi kafin ƙarfe 1:30 idan suna so su shiga gida da magariba.